Likita Na Iya Ƙin Sa Wuƙa, Amma Ba Shi Da Ikon Juya Baya

Garin Iware, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Ardo Kola ta jihar Taraba, a kan hanyar da ta tashi daga Jalingo ta nufi Wukari, kasuwar shanunsa ce ta sa aka san shi kusa da nesa. Kowace ranar kasuwa dillalai da fatake kan cika kara, a yi ciniki, a loda manyan motoci su nufi Kudu. To, amma fa ba kowane bijimin da aka koro kara ne aka kawo shi don neman riba ba. Akwai wanda aka fitar daga garke ba da son rai ba, saboda maigida ya yi watanni a kwance, ya rame, cikinsa ya kumbura, idanunsa sun yi ɗorawa, an yi na gida an yi na kemis ba sauƙi, har dai aka yanke shawarar a kai shi babban asibiti a Jalingo a yi masa aiki.

Abin da kan biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa zaman jinya. A ɗebi jini, a ɗauki hoton ciki, a yi ta jira. Ran nan sai likitan fiɗa ya ja babban ɗa ko ƙanen maigida gefe, ya ce masa ciwon daji ne, ya riga ya bazu, aiki ba zai yi amfani ba, a koma gida a ci gaba da addu'a. Shi kuwa mara lafiya, da hankalinsa garau, sai ya ce ai shi ya yarda, jikinsa ne, dukiyarsa ce, a yi masa aikin kurum. In ya tashi ya gode Allah, in bai tashi ba kwanansa ne ya ƙare. Likita ya tsaya a kan bakansa. Daga nan sai zargi ya tashi. Wasu su ce don an ga mutumin ƙauye ne, wasu su ce da ɗan wani ne da tuni an shiga da shi ɗakin tiyata, wasu kuma su ce likita ya ɗora wa kansa sanin gaibu.

Shin likita yana da ikon ya ƙi yi wa mutum aikin da shi mai jikin ya nema da bakinsa, alhali kuwa an san ciwon nasa ba na tashi ba ne? Amsar ita ce yana da wannan iko, wani lokaci ma wajibi ne a kansa ya ƙi. Sai dai ikon yana tafe da sharuɗɗa masu nauyi, kuma wajen cika sharuɗɗan nan ne aka fi cutar jama'a.

IKON MARA LAFIYA DA IYAKARSA

Babbar shari'ar da lauyoyi da likitocin Nijeriya kan kafa hujja da ita a wannan fanni ita ce wadda Kotun Ƙoli ta yanke a watan Maris na 2001, tsakanin kotun ladabtar da likitoci da Dokta John Okonkwo. Asalin maganar kuwa, a watan Agusta na 1991 wata mata mai jego, mabiyar ɗarikar Shaidun Jehobah, ta kwanta a asibitin likitan a Inugu, jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Ita da mijinta suka sa hannu a takarda cewa kada a ƙara mata jini, domin addininsu ya hana. Likita ya bi abin da suka ce, ya ci gaba da yi mata magani ba tare da ƙarin jini ba, bayan 'yan kwanaki ta rasu. Kotun ladabtarwa ta dakatar da shi daga aiki wata shida. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da rushewar. Mai Shari'a Emmanuel Ayoola, wanda ya rubuta babban hukuncin, ya nuna cewa baligi mai cikakken hankali yana da ikon ya ƙi magani ko da ƙin zai kai shi ga halaka, domin tsarin mulki ya ba shi 'yancin sirrin rayuwarsa da 'yancin bin addininsa.

Watau ke nan a Nijeriya ba a sa wa baligi wuƙa sai da yardarsa. Amma mai karatu ya lura da kyau: ikon da kotu ta tabbatar na cewa "kada a taɓa ni" ne. Ba ta ce wanda ke da ikon hana a taɓa shi yana da ikon tilasta wa wani ya yanka shi ba. Mai gona yana da ikon hana kowa shiga gonarsa, amma ba shi da ikon tilasta wa maƙwabcinsa ya zo ya yi masa shuka a tsakiyar rani.

Kotun Ingila ta fayyace wannan bambanci a 2005. Wani tsohon ma'aikacin gidan waya mai suna Leslie Burke, wanda ke fama da ciwon ƙwaƙwalwa mai ci sannu a hankali, ya kai ƙarar hukumar likitocin ƙasar, yana tsoron kada wata rana a yanke masa abinci da ruwan da ake ba shi ta roba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kwantar masa da hankali cewa muddin yana cikin hayyacinsa yana kuma son a ci gaba, ba wanda zai yanke masa. Amma ta ƙara da cewa, a ƙa'ida, mara lafiya ba shi da ikon tilasta wa likita ya yi masa wani aiki da likitan ya ga bai dace da ciwonsa ba. Abin da ya wajaba a kan likita shi ne ya bayyana dalili, kuma ya buɗe masa hanyar jin ta bakin wani likitan. A Amurka kuma, jihar Texas ta kafa doka a 1999 wadda ta ce idan likita da dangi suka saɓa a kan ci gaba da maganin da ke riƙe da rai, sai kwamitin asibiti ya zauna. In ya goyi bayan likita, a ba dangi kwana 10 su nemi wani asibitin. A 2023 aka ƙara wa'adin zuwa kwana 25, saboda koke-koken jama'a. Ko'ina aka duba, ba a bar likita shi kaɗai ya yanke ya tashi ba, ba a kuma bar mara lafiya ya riƙe hannun likita ya sa shi yanka ba.

ME YA SA LIKITA KAN ƘI?

Ciwon dajin hanta shi ne misalin da ya fi kusa da mutanen Taraba. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, an kuwa sha ambaton Taraba cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Wani ɗan jihar ma, Danjuma Adda, saboda daɗewar da ya yi yana wayar da kan jama'a a kan wannan cuta, ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar yaƙi da ciwon hanta ta duniya a 2022. Ƙwayar takan yi shekaru ashirin ko talatin a jiki ba a sani ba, tana cin hanta har ta taurare ta yi tabo. Idan aka haɗa da dafin fumfunar da kan kama gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, sai hanyar ciwon daji ta buɗe.

Ana iya yanke ƙari daga hanta, kuma mutum ya warke, amma sai idan ƙarin ƙarami ne, a wuri ɗaya yake, sauran hantar kuma tana da ƙarfin ɗaukar aikin jiki. Akasarin waɗanda ake kaiwa asibiti kuwa sun wuce wannan mataki. Ƙarin ya watsu ko'ina cikin hantar, ya shiga babbar jijiyar jini, ruwa ya taru a ciki. Ita hanta ita ce ke sarrafa sinadaran da ke sa jini ya daskare a bakin rauni, ita ce kuma ke tace maganin barcin da ake bayarwa a ɗakin tiyata. Idan ta gaza, likita na sa wuƙa jini ya ƙi tsayawa, ɗinki ya ƙi kamawa, ruwan ciki ya riƙa tsiyaya ta bakin yankan, mara lafiya ya ƙi farfaɗowa. Mutumin da zai iya yin wata biyu ko uku a ɗakinsa, yana magana da iyalinsa, yana faɗin basussukan da ke kansa da waɗanda yake bi, sai a sallame shi cikin kwana uku a kan gadon asibiti, bai san wanda ke kansa ba. A irin wannan hali likitan da ya ƙi bai hana shi rai ba, sauran kwanakinsa ya tsare masa. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bugu da ƙari, yardar mara lafiya ba ta wanke likita. Idan ya yi aikin da duk ƙwararru suka san ba shi da amfani, ya karɓi kuɗi, mutum ya mutu, takardar da aka sa wa hannu ba za ta hana hukumar likitoci ta ƙasa tuhumarsa ba. Har ila yau akwai haƙƙin wasu. Ɗakin tiyata da jinin da aka tanada da ma'aikatan da ke bakin aiki duk ƙididdigaggu ne. Awa biyar da aka ɓata a kan aikin da ba zai yi amfani ba, an ɗauke su ne daga mace mai naƙudar da ta gagara, ko yaron da hanjinsa ya huje saboda zazzaɓin taifot, waɗanda aiki zai tashe su sarai.

ABIN DA MALAMAI SUKA CE

Masu cewa likita ya shiga hurumin Ubangiji suna da abin dubawa a maganar malamai. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa da halin mara lafiya. Yakan zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko asarar wata gaɓa, ko kuwa cutar mai yaɗuwa ce. Yakan zama mustahabbi. Yakan zama halal kurum. Yakan kuma zama makaruhi idan ana tsoron abin da maganin zai haifar ya fi cutar muni. Majalisar ta ce likitoci ne ke ƙiyasta ciwon da aka fid da rai da warkewarsa, gwargwadon ilmi da kayan aikin da ke akwai a wannan wuri da wannan zamani. Amma a nan take ta ɗora wa likitoci da dangi nauyin ƙarfafa wa mara lafiya zuciya, da ci gaba da kula da shi, da rage masa raɗaɗi, ko ana sa ran warkewa ko ba a sa.

A Saudiyya ma, kwamitin fatawa na dindindin ya ba da fatawa a shekarar 1409 ta Hijira cewa idan ƙwararrun likitoci uku amintattu suka haɗu a kan cewa yunƙurin farfaɗo da mara lafiya ba zai yi amfani ba, to babu laifi a bari. A lura da adadin: uku aka ce, ba ɗaya ba. A wajen Kirista kuwa, waɗanda suke da yawa a Taraba, tun 1957 Fafaroma Pius na 12 ya bayyana wa likitoci cewa abin da ya wajaba shi ne magani na al'ada, ba a tilasta wa kowa ɗaukar matakan da suka wuce kima, masu ɗora wa mara lafiya da danginsa nauyin da ba za su iya ba. Dukkan ɓangarorin biyu sun haramta a kashe mara lafiya da sunan tausayi, dokar Nijeriya da ƙa'idojin aikin likita su ma sun haramta. Barin aikin da ba shi da amfani dabam, gaggauta ajali dabam.

INDA ƘI KAN ZAMA ZALUNCI

Sharaɗi na farko shi ne dalilin ƙin ya zama na ciwo ne tsantsa. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun jama'a yake fitowa, abu ne mai sauƙi a ce wa talaka "ba abin da za a iya yi" alhali gaskiyar maganar ita ce ba abin da zai iya biya, ko kuwa wannan asibitin ne ba shi da ƙwararre ko kayan aiki. Waɗannan maganganu uku ne mabambanta, kuma haƙƙin mara lafiya ne a gaya masa wadda ta shafe shi. Idan aikin yana yiwuwa a Gwambe ko Zariya ko Abuja, a faɗa masa, a rubuta masa takarda, shi ya san abin da zai sayar da abin da zai bari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na biyu, ciwon ajali bai soke taimakon gaggawa ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, wanda ya saɓa kuwa tarar Naira 100,000 ce, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Mai ciwon daji da jini ya ɓalle masa, ko fitsari ya ƙi fita, ko numfashi ya sarƙe, ba a ce masa ai dama ciwonka ba na tashi ba ne.

Na uku, akwai aikin da ba ya warkarwa amma yana kawo sauƙi, kuma likitocin fiɗa sun san shi sarai. Wanda ƙari ya toshe wa hanji, yana ta amai ba ya iya bayan gida, ana iya buɗe wa hanjin ƙofa ta gefen ciki ya samu ya ci abinci. Macen da ciwon dajin nono ya fashe mata, yana jini yana wari har 'ya'yanta na gudun ɗakinta, ana iya cire nonon don ta zauna cikin mutane da mutuncinta, ko da ciwon ya riga ya kai huhu. Wanda ƙashinsa ya karye saboda ciwon ya cinye shi, ana iya sa masa ƙarfe ya daina ihu in an juya shi. Saboda haka kalmar "ba ya warkewa" ita kaɗai ba ta isa hujjar ƙin aiki ba. Abin tambaya shi ne: me mara lafiyan yake nema da aikin, kuma aikin zai iya ba shi abin nan? In warkewa yake nema aikin kuwa ba zai kawo ta ba, a gaya masa. In barci yake nema da cin tuwo da zuwa masallaci ko coci, aikin kuma zai iya ba shi, to hana shi zalunci ne.

Na huɗu, likita mutum ne, yana kuskure. Wani bincike da aka buga a 2000, wanda aka yi a Chicago ta Amurka a kan likitoci 343 da marasa lafiya 468 da ke gab da ajali, ya nuna kashi 20 cikin 100 ne kawai na ƙiyasin kwanakin da likitocin suka yi ya zo daidai. A kashi 63 sun zaci mara lafiya zai daɗe fiye da yadda ya daɗe, a kashi 17 kuma ya wuce zatonsu. Darasin biyu ne. Likita ba shi da hurumin yanke wa kowa rana, don haka tilas ya yarda a ji ta bakin wani ƙwararren ba tare da ya ɗauka an raina shi ba. Dangi kuma su sani cewa kuskuren likitoci ya fi karkata wajen kyautata zato. Idan likitan fiɗa, wanda aikinsa ke nan kuma da shi yake ci, ya ce kada a yi, maganarsa abar aunawa ce.

Na biyar shi ne bayani. Sashe na 23 na dokar nan ta 2014 ya wajabta a sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ke akwai, da amfanin kowace da haɗarinta da kuɗinta, cikin harshen da yake ji kuma daidai da iliminsa, sai fa in akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa sanarwar za ta cutar da shi. Bafulatanin da ya zo daga rugar da ke bayan Iware, ko Mumuye, ko Bajukune, bai ji komai ba idan aka yi masa Turanci a tsaye a bakin gado cikin minti biyu. Al'adar ɓoye wa mara lafiya a gaya wa dangi ita ma tana da illa. Ana yi ne don tausayi, amma sau da yawa mai ciwon ya riga ya gane, yana dai yin shiru ne don kada ya karya musu zuciya, su ma suna yin shiru don kada su karya tasa, har lokacin wasiyya da neman gafara ya wuce.

BAYAN AN CE A'A

Babbar ɓarna tana faruwa ne a ranar da aka sallami mara lafiya da 'yan ƙwayoyin farasitamol da kalmar "sai haƙuri". Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Dangi ba za su koma gida su zuba masa ido yana murƙususu ba. Za su bi duk wanda ya ce zai iya: mai maganin da ke shela da lasifika a kasuwa, da mai ɗakin shan magani da ya kira kansa dokta, da ƙaramin asibitin kuɗi da zai yi aikin da babban asibiti ya ƙi, muddin an ajiye kuɗi. Ba a manta da abin da ya faru a Jimeta ta jihar Adamawa a 2016 ba, inda aka yi wa wani makiyayi aiki a wani asibitin kuɗi aka raba shi da ƙodarsa duka biyu, ya rasu, daga baya aka soke sunan likitan daga rajista. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙarshe a rasa mutum, a rasa garke, a bar marayu da bashi.

Alhali kuwa akwai fannin likitanci sukutum da aka kafa don irin waɗannan marasa lafiya, watau jinyar sauƙaƙawa. Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ita ta buɗe gidan jinya na farko irin na zamani a London a 1967. A Nijeriya Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta suka kafa cibiyar wannan aiki a Ibadan a 2003, a 2007 kuma asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashe na musamman dominsa. Aikinsu shi ne kashe raɗaɗi da ruwan mofin na sha, wanda ba shi da tsada, da zuƙe ruwan ciki da allura don numfashi ya samu, da wanke gyambo, da tsai da amai, da koya wa mai jinya yadda za ta juya mara lafiya kada bayansa ya yi miki, da zama a saurari tsoronsa. A Yuganda, tun 2004 aka ba ma'aikatan jinya da suka sami horo izinin rubuta mofin, suna kai shi har ƙauyuka. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yanke cewa wannan jinya wani ɓangare ne na aikin lafiya da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada.

Kada a zaci wannan miƙa wuya ne. Wani bincike da aka buga a 2010, wanda aka yi a Boston a kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu, ya nuna waɗanda aka haɗa musu da jinyar sauƙaƙawa tun da wuri sun fi samun natsuwa, sun fi kauce wa magunguna masu wahalarwa a ƙarshen rayuwa, kuma duk da haka sun fi daɗewa: tsaka-tsakinsu wata 11.6, na sauran kuwa wata 8.9.

Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya ya nuna a 2022 kusan mutum 128,000 ne suka kamu da ciwon daji a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka mutu. Kowane ɗaya daga cikinsu sai da wani ya yi jinyarsa. Ya kamata Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha da ke Jalingo su zama wuraren da duk wanda aka ce masa aiki ba zai yiwu ba, a ranar za a miƙa shi hannun masu jinyar sauƙaƙawa, da maganinsa a hannu, da ranar dawowa, da wanda za a kira in dare ya yi tsanani. Ya kamata kowane babban asibiti ya kasance da ɗan kwamiti na likitoci da ma'aikatan jinya da malamin addini, wanda zai saurari dangi idan sun ƙi gamsuwa. Ya kamata kuma Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Ardo Kola da sauran ƙananan hukumomi, don kada mai ciwon ajali ya riƙa hawa motar haya zuwa Jalingo saboda kwalbar magani ɗaya.

Su kuma dangi, kafin a kora sa na biyu kasuwa, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata a yi wa likita cikin ladabi, a kuma tsaya sai an ji amsa. Aikin nan warkarwa zai yi ko sauƙi zai kawo? In an yi, mene ne mafi munin abin da zai iya faruwa? In ba a yi ba, me za a yi masa a maimakonsa? Wane likita ne kuma za a iya gani ya sake dubawa? Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda kuwa ya yi alkawarin warkewa tun bai ga hoto ba, ya fara da maganar kuɗi, a yi hattara da shi.

Daɗin daɗawa, yawancin wannan baƙin ciki ana iya tare shi tun daga nesa. Tun 2004 allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B take cikin alluran yara na kyauta a Nijeriya, ana kuma so a yi wa jariri ta farko cikin awa 24 da haihuwarsa. Gwajin jini na 'yan mintoci yana nuna mai ɗauke da ƙwayar, akwai kuma maganin da ke danne ta shekara da shekaru. Wanda aka gano da wuri, aka riƙa duba hantarsa a kai a kai, shi ne wanda in ƙari ya fito za a same shi ƙarami, likita ya sa wuƙa da ƙarfin zuciya.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya ba likitoci basira da tausayi, amin.